Baƙin gilashin da dutse mai aman wuta ke haifarwa: amsa kan obsidiyan mai bakan gizo

Tambaya: An ba ni kyautar wani baƙin dutse mai santsi da sheƙi. Idan na juya shi a rana sai in ga kore da shuɗi da shunayya suna wulgawa a cikinsa. An ce mini gilashi ne da dutse mai aman wuta ya fitar, ba a cika samunsa ba, kuma wai mutanen dā sun riƙe shi a matsayin kariya da magani. Ina son sanin asalinsa, da ko gaskiya ne yana da wuyar samu, da kuma abin da mutanen dā suka ɗauke shi.

Malama, bisa yadda kika kwatanta shi, abin da ke hannunki shi ne wanda masana duwatsu ke kira obsidiyan, kuma irin nan mai bakan gizo. A cikin abin da aka gaya miki akwai gaskiya, akwai kuma ƙarin gishiri, don haka bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, in fara da yadda ake haifar dutsen, domin duk sauran bayanin daga nan ya samo tushe.

Narkakken dutsen da ke fitowa daga cikin ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi gani a bidiyo, ja jawur yana malala kamar kogi a tsibirin Hawai, sinadarin silika da ke cikinsa bai wuce kusan kashi 50 cikin 100 ba, zafinsa yana kaiwa digiri 1,100 zuwa 1,200, shi ya sa yake tsinkakke. Silika ita ce abin da yawancin yashi ya ƙunsa, da ita kuma ake yin gilashin taga. Akwai wani narkakken dutsen da silikarsa ta haura kashi 70, zafinsa kuma bai kai na farko ba, tsakanin digiri 700 da 900. Wannan kauri gare shi fiye da kwalta nesa ba kusa ba. Ba ya malala, sai dai ya riƙa jan ciki a hankali yana tara kansa. Shi ne uwar obsidiyan.

Idan narkakken dutse ya samu lokaci ya huce a tsanake a can ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa sukan jeru a tsare, kowace ta kama gurbinta, sai a samu dutse mai ƙwaya-ƙwaya irin giranit. Ki ɗauka sojoji ne aka busa musu usur, kowa ya ruga ya shiga layi. To, a ce filin faretin cike yake da laka har ƙugu, aka kuma ce kowa ya tsaya cak kafin su kai ga layi. Haka obsidiyan yake. Kaurin ya hana ƙwayoyin motsi, sanyi ya riske su a hargitse, suka daskare a haka. Abin da ya daskare ba tare da tsarin ciki ba, shi ake kira gilashi, ko mutum ne ya narka shi a masana'anta ko dutse mai aman wuta ne ya fitar da shi. Obsidiyan da giranit kusan sinadari ɗaya suka ƙunsa. Bambancin kawai, ɗaya ya samu sararin shiryawa, ɗaya bai samu ba.

Littattafan makaranta sukan ce saurin hucewa ne kaɗai sirrin. Ni dai a ganina wannan rabin bayani ne, kaurin ya fi saurin hucewar muhimmanci. A watan Yuni na 2011 dutsen Cordón Caulle da ke ƙasar Chile ya yi aman wuta ya fitar da irin wannan narkakken dutse. Masana da suka koma wurin a farkon 2013, watanni da yawa bayan aman ya tsaya, sun tarar tulin yana ci gaba da tafiya a ƙarƙashin ɓawonsa. Abin da ya yi wata da watanni da zafinsa ba za a ce ya huce farat ɗaya ba, amma duk da haka gilashi ya bayar. Akwai kuma sharaɗi na biyu, wato iskar da ke cikinsa ta samu ta fice. Idan ba ta fice ba har ya fito da ƙarfi, sai ya yi kumfa ya daskare a haka, ya zama farin dutsen nan mara nauyi da ake goge kaushi da shi, wanda ke yawo a kan ruwa. Shi da obsidiyan uwa ɗaya uba ɗaya suke, sau da yawa ma a gefen juna ake tsintar su.

Sunan kuwa daga Rumawa ya zo. Marubucin nan Pliny, wanda ya rasu a aman wutar dutsen Vesuvius a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta cewa wani mutum mai suna Obsius ne ya samo irin dutsen a ƙasar Habasha, aka laƙaba masa sunansa.

Yanzu batun wuyar samu. Baƙin obsidiyan zalla ba ya cikin duwatsu masu wuyar samu. Akwai shi jibge a Meziko, da yammacin Amurka, da Turkiyya, da Armeniya, da Habasha, da Kenya, da Japan, da tsibiran Lipari na Italiya da Melos na Girka. A Newberry ta jihar Oregon a Amurka akwai tuli guda da ya fito kimanin shekaru 1,300 da suka wuce, mutum zai yi ta tafiya a kansa yana taka gilashi. Sai dai akwai wani abu da ke taƙaita shi: gilashi ba ya daɗewa idan aka auna da shekarun ƙasa. A hankali yake shan danshi, ƙwayoyinsa kuma suna lallaɓawa suna neman layin da suka rasa, har ya dusashe ya koma dutse na yau da kullum. Shi ya sa da wuya a samu obsidiyan da ya haura shekaru miliyan 20, alhali akwai giranit mai shekaru sama da biliyan 2. Duk ƙasar da duwatsunta masu aman wuta suka mutu tun da daɗewa sosai, ba za a same shi a can ba.

Naki kuwa, mai bakan gizo, shi ne za a iya cewa ba a ko'ina yake ba. Mafi yawan wanda ke kasuwar duniya daga jihar Jalisco ta Meziko yake fitowa, sai wasu wurare ƙalilan a arewacin Kalifoniya da Oregon. Launukan da kike gani ba rini ba ne, kuma babu wani koren abu ko shuɗi a cikin dutsen. Lokacin da narkakken dutsen ke jan ciki, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin ma'adinai masu ƙarfe, waɗanda madubin likita na yau da kullum ma ba ya nuna su sosai, sun jeru shimfiɗa a kan shimfiɗa. Idan haske ya shiga, kowace shimfiɗa ta mayar da nata, sai hasken ya haɗu da juna, wani launi ya ƙarfafa wani ya ɓace. Abin da ke faruwa ke nan a jikin kumfar sabulu, ko idan man mota ya ɗiga a kan ruwa. Ki gwada wannan: ki juya wa rana baya, ki jiƙa dutsen, ki riƙa karkata shi sannu-sannu. Za ki ga yana nan baƙi ƙirin, baƙi ƙirin, sai kwatsam a wata kusurwa guda zoben kore ya buɗe, shunayya ta kewaye shi, ki ƙara karkatawa kaɗan komai ya ɗauke. Na yi shekaru ina ganin wannan, har yau ban daina tsayawa in sake juyawa ba. Wanda ya fi naki wuyar samu shi ne wanda ake kira obsidiyan mai wuta, daga Glass Buttes a Oregon, shimfiɗunsa sirara ne ƙwarai, launinsa kuma yana ƙyalli kamar fiffiken ƙwaro.

Sauran ire-iren ba sa buƙatar dogon bayani. Mai fararen ɗigo kamar furanni, gilashi ne da ya fara komawa dutse, ɗigon su ne wuraren da ƙwayoyin suka fara jeruwa. Mai ja-ja kamar katakon maɗaci, tsatsar ƙarfe ce ta ba shi launi. Mai sheƙin zinariya ko azurfa, ƙananan kumfar iska ne da tafiyar dutsen ta miƙar da su.

A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ke tashi daga 1 zuwa 10, obsidiyan yana tsakanin 5 da 5.5, daidai da gilashin taga. Yashi ya fi shi tauri, don haka yashi yana karce shi. Abin da ya ɗaukaka shi a tarihi shi ne yadda yake fashewa. Da yake ba shi da tsarin ciki, babu wata hanya da tsagewa za ta bi dole, sai ta bi inda bugu ya tura ta, ta bar lanƙwasa mai zobe-zobe kamar ruwan tafki da aka jefa wa tsakuwa. Bakin ɓallin da ya fita yana iya sirancewa har kusan nanomita 3, wato kashi 3 cikin miliyan na milimita ɗaya. Babu askar ƙarfe da ke kaiwa nan. Ranar da na fara gwada ɓantarar sa da dutsen bugu, na ji ƙas, wani siririn ɓalli ya faɗo a cinyata, na ɗaga shi sama na ga ashe bakinsa ba baƙi ba ne, launin hayaƙi ne, haske na ratsa shi. Ina cikin kallo sai na ga jini yana bin yatsana har wuyan hannu. Ban ji lokacin da ya yanke ni ba ko kaɗan. Wasu likitocin fiɗa sun gwada aiki da irin wannan aska, kuma Don Crabtree, Ba'amurken da ya shahara wajen sassaƙa duwatsu irin na mutanen dā, ya sa an yi masa tiyata da askar da ya yi da hannunsa. Abin da ya hana ta yaɗuwa a asibitoci shi ne saurin karyewa, domin in aka ɗan murɗa ta, ɓarɓashinta na iya zama a cikin rauni.

Wannan kaifin shi ya sa ɗan Adam ya daɗe yana bibiyar dutsen. A Melka Kunture ta Habasha an tono gatura na obsidiyan sama da 500 a wuri guda, masu shekaru fiye da miliyan 1.2. A Olorgesailie ta Kenya, kimanin shekaru 320,000 da suka wuce, mutane suna amfani da obsidiyan da aka ɗauko daga nisan kilomita 25 har zuwa 95. Yadda ake gane haka kuwa abin sha'awa ne. Kowane tulin obsidiyan yana da nasa haɗin ƙananan sinadarai, kamar zanen yatsa, ba ya kama da na wani dutsen. Tun 1964, da Colin Renfrew da J. R. Cann suka nuna hanyar, ana iya ɗaukar tsinin kibiya a faɗi dutsen da ya fito. Ta haka aka san cewa obsidiyan na tsibirin Melos ya isa kogon Franchthi da ke babban yankin Girka sama da shekaru 10,000 da suka wuce, abin da ke nufin tun lokacin akwai masu ƙetare teku. Ta haka kuma a Amurka aka gano na yankin Yellowstone a cikin kaburburan mutanen Hopewell, wata tsohuwar al'umma a jihar Ohio, tafiyar kusan kilomita 2,400.

To, me mutanen dā suka ɗauke shi? A nan ne nake son ki natsu, domin a nan masu talla suka fi cakuɗa zance. Babu wata ma'ana guda da duniya ta haɗu a kanta. Kowace al'umma da tata, kuma in kika duba za ki ga duk sun taso ne daga abubuwa biyu da dutsen ke yi a zahiri: yana yanka, in an goge shi kuma yana nuna fuska.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Meziko. Mutanen can ba su da baƙin ƙarfe kafin zuwan Sifaniyawa a 1519, don haka obsidiyan, wanda Aztek, masu mulkin tsakiyar ƙasar a lokacin, ke kira itztli, shi ne wuƙar gida, shi ne askar wanzami, shi ne makami. Takobinsu katako ne mai faɗi da aka jera wa ɓallayen obsidiyan a gefe biyu. Bernal Díaz, ɗaya daga cikin sojojin Sifaniya, ya rubuta cewa ya ga an sari goɗiya da shi a wuya har kanta ya rage fata kawai ke riƙe da shi. Da wuƙar dutse suke yanka hadayarsu, da siraran ɓallayensa kuma suke tsaga jikinsu su zubar da jini a ibadarsu. Abin da ke kusa da jini da mutuwa haka, dole ya shiga cikin imaninsu. A labarinsu na lahira, mamaci sai ya ratsa wani wuri da iska ke yanka kamar wuƙaƙen obsidiyan. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu sunansa Tezcatlipoca, ma'ana madubi mai hayaƙi, ana zana shi da baƙin madubi a madadin ƙafarsa ɗaya, suna kuma cewa da shi yake ganin abin da mutane ke ɓoyewa a zuci. Bokayensu suna duba a cikin irin wannan madubi. Wanda ya taɓa kallon fuskarsa a gogaggen obsidiyan zai gane dalili. Fuskar tana fitowa, amma a dusashe, kamar daga cikin rijiya take leƙowa, ba ta da launi, idanun sun zurma. Ba abin mamaki ba ne mutum ya ji kamar wani ne ke kallonsa.

Sun fi daraja koren obsidiyan mai sheƙin zinariya na tsaunin Sierra de las Navajas kusa da Pachuca, wanda tun zamanin birnin Teotihuacan, ƙarnuka kafin Aztek, ake kai shi har ƙasar al'ummar Maya da ke can kudu maso gabas. Ɗaya daga cikin madubban can ma ya ƙetare teku ya faɗa hannun John Dee, mashawarcin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila, ana kuma danganta shi da ƙoƙarin da ya yi na kiran ruhohi. Madubin yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, kuma binciken da aka wallafa a 2021 ya tabbatar daga Pachuca dutsensa ya fito.

A Çatalhöyük ta Turkiyya an samu gogaggun madubban obsidiyan a cikin kaburbura, masu shekaru kusan 8,000, suna cikin madubban da suka fi tsufa a duniya. Misirawa sun yi ƙwayar idon fuskar zinariyar Fir'auna Tutankhamun da shi. A jihar Arizona ta Amurka akwai 'yan dunƙulen obsidiyan masu kama da ɗigon ruwa da ake kira hawayen Apache, sunan wata ƙabila ta 'yan asalin yankin. Labarin da ake bayarwa shi ne, a shekarun 1870 wasu mayaƙan Apache da sojojin Amurka suka ritsa a kan tsauni kusa da garin Superior sun zaɓi su faɗa ƙasa maimakon a kama su, hawayen matansu kuma ya zama dutse. Labari ne na baka. Dunƙulen dai ragowar gilashi ne da danshi bai gama cinyewa ba.

Ki lura, a duk waɗannan babu inda aka ce dutsen yana tsotse baƙin ciki, ko yana daidaita wani ƙarfi a jiki, ko yana kare mutum daga hasken waya. Wannan zancen na baya-bayan nan ne, ya bunƙasa a Amurka da Turai a shekarun 1970 da 1980, aka yayyafa masa sunan Aztek don ya yi kwarjini. A 2001 masanin halayyar ɗan Adam Christopher French ya raba wa mutane duwatsun da ake cewa suna warkarwa, wasu na gaske wasu na jabu, bayan an gaya musu abin da za su iya ji. Masu na jabun sun ba da labarin ɗumi da tsikar jiki daidai da masu na gasken. Obsidiyan gilashi ne, ba ya fitar da komai, ba ya jan komai. Wannan yana damuna ƙwarai, domin wanda aka fi sayar wa irin wannan alkawari shi ne mara lafiya da mai damuwa, kuma shi ne zai iya jinkirta zuwa wurin likita saboda dutse. Kada a jiƙa shi a ruwan sha, siririn ɓalli ɗaya ya isa ya yi ɓarna. Kada kuma a niƙa shi ko a goge shi a bushe, ƙurarsa tana cutar da huhu.

Saura batun ko naki na gaske ne. Abin da ɗan wuya, tunda shi da gilashin masana'anta duk gilashi ne, taurinsu ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya. Amma bakan gizon da ke zaune a cikin dutsen, mai bin zobe, mai fitowa a kusurwa ɗaya ya ɓace a wata, yana da wuyar kwaikwayo, don haka alama ce mai kyau. In kuwa launin a saman fata yake, yana ƙyalli ta kowace fuska, to shafe ne aka yi masa. Ki haska tocila a siririn gefensa, ki nemi launin hayaƙi ko ruwan ƙasa da 'yan layuka kamar gajimare. Abin da za ki guje wa shi ne garau ɗin nan mai shuɗin sama ko ja kamar jini ko kore shar, wanda ake gani ta cikinsa tas, ana kiransa obsidiyan. Kusan dukkansa gilashin masana'anta ne, wani ma kashin maƙera ne na wurin narka ƙarfe. Akwai kuma koren da ake kira helenait, wanda mutane ke narkawa daga tokar dutsen Saint Helens da ya fashe a 1980. Toka ta dutse mai aman wuta ce, amma gilashin aikin hannu ne.

Kada kuma a rikita miki shi da gilashin da faɗowar dutse daga sama ke haifarwa. Koren moldabait na ƙasar Cek ya samu ne kimanin shekaru miliyan 15 da suka wuce, lokacin da wani ƙaton dutse ya faɗo a kudancin Jamus ya narka ƙasa ya watsa ta. Rawayan gilashin hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya, wanda aka sassaƙa buzuzun ƙirjin Tutankhamun da shi, shi ma ba daga aman wuta ya fito ba. Waɗannan su ne masu wuyar samu na haƙiƙa, shi ya sa wasu ke ɗaukar dunƙulen obsidiyan da ruwa da iska suka ƙwaƙule, su ce daga sama suka faɗo.

Idan kina da hanyar tambayar wanda ya sayar, tambaya ɗaya za ki yi masa: daga wane tsauni aka haƙo shi? Mai sana'ar gaske zai ce miki Jalisco ko Davis Creek ta Kalifoniya ko Glass Buttes ba tare da inda-inda ba. Wajen ajiya kuma, ki naɗe shi shi kaɗai a ƙyalle mai laushi, kada ya gogu da sauran duwatsu ko maɓallai. Ki wanke shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu, ban da tafasasshe, domin canjin zafi farat ɗaya yana tsaga shi. In ya taɓa faɗuwa ya ɓantare, kada ki shafa wurin da yatsa don ki ji ko ya yi kaifi. Ya yi.